Darasin Abare da Gilashin Magani

A shekarar 2010 mutanen Abare da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu, a ƙasar Anka da Bukkuyum, suka ga 'ya'yansu suna farfaɗiya suna mutuwa. Yara wajen 400 suka rasu. Daga baya aka gane cewa dutsen zinariyar da ake daka wa a cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa kuwa ita yara ke haɗiya. Sai da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta kawo magani, aka kuma kankare ƙasar gidajen, sannan abin ya lafa.

Na tuno da wannan ne domin yau masana suna niƙa wani abu dangin dutse, su sa shi a jikin mutum da gangan. A 1969 Larry Hench na Jami'ar Fulorida a Amurka ya haɗa wani gilashi wanda kashi 45 cikin ɗari nasa sinadarin yashi ne, sauran kuwa na alli da na kanwa da fosfaras. Wannan gilashi yakan narke a jiki sannu a hankali, ya manne da ƙashi, har ana cike gurbin ƙashin da ya lalace da shi.

To, yanzu ana so a mai da shi ɗan aike. Akan yi shi gari mai laushin gaske, kowace ƙwaya da ƙananan ramuka, a maƙala mata ƙwayar gado, watau umurnin da ke gaya wa tantanin jiki abin da zai ƙera. Tantanin ya haɗiye garin, gilashin ya narke, saƙon ya fito. Amfaninsa shi ne, ɗan aiken da aka saba da shi ƙwayar cuta ce da aka karya wa lago, wadda a 1999 ta yi ajalin wani saurayi a wajen gwaji a Amurka. Amma fa galibin aikin gilashin har yanzu a ɗakin bincike da jikin dabbobi yake.

Wani zai ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ganina gudu kuskure ne. Ƙasarmu ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ciwon gado mai cin ƙashi. Maganin gyaran gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023, Casgevy, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne. Talaka ba shi da rabo sai an sami hanya mai sauƙi, don haka duk binciken da ya nufi can namu ne.

Sai dai Abare ta koya mana sharaɗi biyu. Na farko, kada wani gari ya shiga jikin yaro sai an auna shi, an san inda zai zauna da yadda zai fita. Na biyu, a yi wa iyaye bayani da harshensu, gama rashin sanin illar dalma ne ya sa aka daka dutsen a tsakar gida. Wannan na biyun aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa. Mu tafi wurin 'yan'uwanmu na sashen likitanci a Sakkwato da Zariya, mu tsara kalmomin tun kafin maganin ya iso. Allah ya ji ƙan yaran Abare, amin.