'Yan kumfar da ke haska hanta: Yaushe za su amfani majinyacin Birnin Gwari?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta a Birnin Gwari ya san maganar da ke tayar wa iyali hankali. Likita ya yi sikanin, ya ga wani tabo a hanta, sai ya ce: "A kai shi Kaduna ko Shika a yi babban hoto."

Daga nan lissafi ya fara: tafiyar kusan kilomita 120 ta Udawa da Buruku, kuɗin mota, kuɗin hoton CT, da kwana a garin da ba ka da kowa. Kafin sulhun Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, har da fargabar masu garkuwa a kan hanya. Wasu iyalan gida suke komawa su rungumi ƙaddara.

Akwai wata fasaha da za ta iya rage irin wannan tafiya, amma sai an cika wasu sharuɗɗa tukuna.

Mece ce wannan fasaha?

Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, sauti take aikawa cikin jiki wanda kunne ba ya ji, sannan ta mayar da amsa-kuwwar da ta dawo zuwa hoto. Rauninta shi ne jini ba ya mayar da sautin sosai, don haka ƙananan hanyoyin jini ba sa fitowa.

A 1968, likitoci biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Raymond Gramiak da Pravin Shah, suka lura cewa hoton yana ƙara haske idan aka tura ruwa mai 'yan kumfa cikin jini. Daga nan aka ƙera kumfa ta musamman: iska a cikin siririn ɓawon maiƙo, girmanta bai wuce na jar ƙwayar jini ba. Idan sauti ya buge ta sai ta riƙa matsewa tana buɗewa, ta mayar da amsa mai ƙarfi.

Turai ta amince da samfurin SonoVue a 2001. Amurka, inda ake kiran sa Lumason, ta amince a duba hanta da shi a 2016, har ga yara.

Ana yin allurar a jijiyar hannu, likita ya zuba wa allo ido. Kansar hanta takan cika da kumfar da wuri, sannan hasken ya dushe. Kumburin jijiyoyi marar illa kuwa a hankali yake cika daga gefe, ya kuma riƙe hasken. Cikin 'yan mintuna iskar ta fita ta numfashi. Babu tiririn da ke cikin hoton CT, kuma ba ta wahalar da ƙoda.

Me ya sa ta shafe mu?

Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ke kan gaba wajen haddasa kansar hanta. Birnin Gwari kuma ƙasar masara ce. Masara ko gyaɗar da aka adana da laima kan yi fumfuna mai guba, kuma idan gubar ta haɗu da ciwon hanta haɗarin kansa na ninkawa.

Haka nan wanda ya yi hatsarin babur: kumfar na taimakawa a gane ko saifa ko hanta ta tsage, a san wanda ya kamata a garzaya da shi tiyata.

Batun kai magani fa?

Nan ne ake yawan zuzutawa. Ƙwaƙwalwa na da shingen da ke hana yawancin magunguna shiga daga jini. A Nuwamban 2015, likitocin asibitin Sunnybrook da ke Toronto a Kanada suka haɗa kumfar da sautin da aka saita wuri guda, suka buɗe shingen na ɗan lokaci domin maganin kansa ya shiga ƙwaƙwalwar wata majinyaciya. Ci gaba ne babba, amma har yanzu a matakin gwaji yake, kuma sai da na'urar MRI aka yi shi. Wanda ya ce maka yana da shi na sayarwa, riƙe kuɗinka.

Ina gizo ke saƙar?

Ba kowace na'urar sikanin ke ganin kumfar ba. Sai mai tsarin da ke sassauta ƙarfin sauti, in ba haka ba kumfar fashewa take yi. Ana buƙatar wuta tsayayya da likitan da ya ƙware a karanta hoton. Maganin daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa dala yake bi. Sauƙinsa ɗaya: SonoVue gari ne da ba ya buƙatar firiji, sai dai idan aka haɗa shi dole a yi amfani da shi cikin awa shida. Wasu ƙalilan jikinsu kan ƙi shi da tsanani, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan wasu samfuran a 2007, saboda haka ba a yin sa sai inda akwai kayan ceton gaggawa.

Shi ya sa gini daga tushe ake fara shi. Tun 2004 rigakafin ciwon hanta ke cikin alluran yara na kyauta, kuma ta farko ta fi aiki idan jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa. A ƙauyukan da rikici ya kori ma'aikatan lafiya, wannan ne gurbin da za a fara cikewa, sai gwajin jini ga manya da sikanin na yau da kullum ga masu ɗauke da cutar.

Bayan haka, idan gwamnatin Kaduna za ta sayi sababbin na'urori ga manyan asibitocinta, ya kamata ta zaɓi masu ganin kumfa, ta haɗa kai da Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika wajen horar da ma'aikata. Wannan ce tambayar da ya dace mutanen Birnin Gwari su yi wa wakilansu kafin a rubuta kasafin kuɗi na gaba.