Tsohuwar bindiga ba ta tsufa

Kwanakin nan samarinmu na Maraɗi da Damagaram suna ta tura wa juna hotunan bidiyo na Amurkawa a filin koyon harbi. Dattijo da jikansa sun jera bindigogi bisa tebur, wata ta zamanin yaƙin duniya na biyu, wata sabuwa fil, suna gwada wadda ta fi saiti. Mun ji masu kallo suna cewa: ga ƙasar da talaka ke da ƴanci, mu kuwa ɓarayin shanu na shigo mana da dare ba mu da ko harsashi guda. Ba mu raina wannan kuka ba, don wanda aka sace wa ɗa a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji ya fi mu sanin zafin abin. Amma bidiyon bai nuna komai da komai ba.

Bindigar da ake yawan gani a hannunsu ita ce M1 Garand, mai cin harsashi 8, wadda sojan Amurka ya fara riƙewa a 1936. An ƙera sama da miliyan 5. Da aka daina aiki da ita, gwamnati ba ta watsa ta kasuwa ba. Akwai wata hukuma mai suna CMP, wadda asalinta ya faro tun 1903, majalisar dokoki kuma ta sake mata tsari a 1996. Ita ke sayar da ragowar. Mai saye sai ya nuna shi ɗan ƙasa ne, yana cikin ƙungiyar maharba da aka sani, an kuma binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata babban laifi. Kowace bindiga da lambarta, kowace lamba da sunan wanda ya ɗauke ta. A filin kansa akwai mai sa ido, in ya ce a tsaya, kowa ya cire harsashi ya ajiye.

Ko da haka, su ma sun sha ɗacin abin. Bindigar da ta kashe shugaba Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamban 1963 ragowar sojan Italiya ce, Carcano, wadda makashin ya yi odarta ta gidan waya a kan kuɗin da bai wuce dala 20 da ƴan kai ba. Sai a 1968 suka hana irin wannan ciniki, bayan an ƙara kashe musu manyan mutane biyu a shekarar. Suwisa ma, inda sojan sa-kai ke ajiye bindigarsa a gida kuma ake gasar harbi duk shekara, ta yanke shawara a 2007 ta daina ba su harsashi su tafi da shi gida.

Abin da ke burge masu wasan harbi shi ne abin da ya kamata ya ba mu tsoro. Bindigar da aka ƙera shekara 80 da suka wuce, in an shafa mata mai, har gobe tana kai harsashi inda aka nufa. Mota na mutuwa, bindiga kuwa sai dai ta sake hannu. Mun gani da idonmu a 2011, lokacin da rumbunan makaman Libiya suka buɗe bayan faɗuwar Kaddafi. Ba wanda ya rubuta lamba ballantana suna. Kalashin da ya fito daga can ya ratsa hamada, kuma ba sai mun gaya wa mai karatu inda ya sauka ba.

Ƙasarmu ta taɓa zaɓar wata hanya. Ranar 25 ga Satumban 2000, a Agadas, an tara bindigogi fiye da 1,000 na tsofaffin ƴan tawaye aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Tun 1994 muke da hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta ce a sa wa kowane makami alama, a rubuta shi. Nijar ta fita daga ƙungiyar a 2025, amma ba mu ga dalilin da zai sa rajistar makamai ta bi ta fita ba.

Don haka ga masu kiran a raba wa ƙauyuka tsofaffin bindigogin soja, tambayarmu ita ce: wa zai riƙe littafin? Wa zai ƙirga harsashi, wa kuma zai karɓe ta ranar da rikicin gona ya tashi tsakanin manomi da makiyayi? Kafin a fitar da ko guda ɗaya daga bariki, muna kira ga magabata su bayyana wa ƴan ƙasa adadin makaman da aka ƙwato daga hannun ƴan bindiga a jahohin Maraɗi da Tawa, da inda suke ajiye, da nawa ne aka lalata.