Kuɗin Kwalliya Ba Bashin Mai Saye Ba Ne

Mai karatu, tun da fim ɗin The Fast and the Furious ya fito a 2001 wasu samarinmu suka kamu da ciwon da har yau bai sake su ba. Yaro zai sayi Golf lafiyayya, ya sauke ta har cikinta na shafar titi, ya fasa salansa ta riƙa ruri, ya cika but da sifika. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sai ido ya raina fata, aka fara neman kai da su.

To ka ji ƙarfin hali: wai sai an biya shi kuɗin mota, an kuma biya shi kuɗin kwalliya. In an taya ba yadda yake so ba, ya ce mutanen Jega ba su san mota ba. Haba malam! Ai su suka san ta. Mai saye a nan lissafinsa buhun albasa nawa za ta ɗauko daga Aliero, kuma ko za ta shiga ƙauyukan Maiyama da damina ba ta bar salansa a hanya ba. Ina za a sa buhu, sifika ta cinye but?

Sannan duk wanda ya ji wannan rurin ya san an yi wasan mota da ita a wajen biki, inji ya sha wuya. A fim, kamfani ke biyan motar da aka ragargaza. A Jega kuwa, bakanike zai kwance tarkacen nan ɗaya bayan ɗaya, ladansa kuma daga kuɗin mai motar za a cire.