Jayden Daniels ya cancanci kyautar Heisman, ko da ƙungiyarsa ta faɗi sau uku

Tun daren Asabar 9 ga watan Disamba 2023, da aka miƙa wa Jayden Daniels na jami'ar LSU kyautar Heisman a birnin New York, masu ƙorafi ba su yi shiru ba. Kyautar ita ce mafi daraja a ƙwallon Amurka na jami'o'i, wasan nan na kwalkwali da ake ruga da ƙwallo a hannu. Hujjarsu guda ce: yaya za a ba wanda ƙungiyarsa ta sha kashi sau uku, alhali Michael Penix Jr. na Washington, da ya zo na biyu, bai faɗi ko wasa ɗaya ba a lokacin?

Hujjar ba ta da ƙarfi. Daniels kwatabak ne, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran masu kai hari. A wannan wasa masu tsaron gida rukuni ne daban, idan suna fili shi yana zaune a benci. Ranar da Ole Miss ta doke LSU da ci 55 da 49, ya jefa ƙwallo fiye da yadi 400. Wanda ya samo maki 49 ba shi ne ya zubar da wasan ba.

Abin dubawa shi ne inda ya taso. A 2021, yana jami'ar jihar Arizona, jifansa 10 ne suka kai ga ci, 10 kuma abokan hamayya suka cafke. Da ya ce zai tafi, sai ga bidiyon abokan wasansa suna kwashe kayansa daga ma'ajiyarsa. A 2022, shekararsa ta farko a Luwiziyana, ya rage kuskure zuwa uku, amma ci 17 kawai ya jefa. Masu bin wasan sun ga dalili: tsoron kuskure ya yi masa yawa, da ya ji an matso sai ya rungume ƙwallo ya zura da gudu, mai karɓa kuwa yana can gaba babu kowa a kansa.

A 2023 ya jefa ci 40, aka cafke huɗu kacal. Yadi 3,812 ta sama, 1,134 da ƙafa. A wasan Filorida na watan Nuwamba ya haɗa 372 na jifa da 234 na gudu, abin da ba a taɓa gani ba a babban rukunin jami'o'i.

Wasu za su ce masu karɓa ne suka ɗaga shi, don Malik Nabers da Brian Thomas Jr. ba kanwar lasa ba ne. To amma su ɗin suna nan a 2022. Mai horarwa Brian Kelly yana nan, mai tsara hari Mike Denbrock ma haka. Mutanen ba su canza ba, mai jifan ne ya canza: ya koyi tsayawa a wurinsa ɗan daƙiƙa guda, ya karanta tsaron abokan hamayya, ya saki ƙwallo mai nisa. Gudun da dā ya zame masa mafaka, yanzu makami ne da yake zaro shi lokacin da ya ga dama. Wannan bambancin ba ya fitowa a jerin sakamakon wasanni, sai an zauna an kalli wasan.

Da sauran gyara dai. Daniels siriri ne, kuma yakan tari karo da jikinsa maimakon ya zame ƙasa kamar yadda doka ta ba shi dama. A wasan Alabama an fitar da shi a zangon ƙarshe bayan wani mugun karo da ya sha. Wannan abin aunawa ne sosai ga ƙungiyoyin NFL da suka zaɓi sababbin ƴan wasa a watan Afrilun 2024, don ƙartin da ke can sun fi na jami'a nauyi da sauri.