Fitilar shuka mai hasken shunayya: kar launi ya ruɗe ku

1/ Jama'a, wannan fitilar mai hasken shunayya da ake tallatawa a TikTok, wai da ita za ka noma latas da tumatir a cikin ɗaki, a ganina yawancinta ɓarnar kuɗi ce. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Kasuwar ta bunƙasa ne a hannun masu noman tabar wiwi a ɗaki a Amurka da Kanada. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba 2018, a yawancin lardunanta gida na iya shuka tushe 4. A Najeriya kam laifi ne, NDLEA ba ta wasa. Ni maganar haske nake yi, ba wiwi ba.

3/ Hujjar masu tallar ita ce: sinadarin da ke sa ganye ya zama kore ya fi shan shuɗin haske (wajen nanomita 450) da ja (wajen 660). To sai a haɗa shuɗi da ja kawai, a bar kore. Haɗin nan ne ke ba da shunayya.

4/ Amma ganye ba sinadari ɗaya ba ne. Tun 1972 Keith McCree ya auna amfanin gona iri 22, ya ga shuka na amfani da koren haske ma sosai. Kuma koren ya fi ratsa ganye, yana kaiwa ga na ƙasa da ke cikin inuwa.

5/ Hatta akwatin shukar NASA mai suna Veggie, wanda 'yan sama jannati suka ci latas ɗinsa a 2015, akwai koren haske a ciki.

6/ Abin da ya fi damuna: a ƙarƙashin shunayya ba ka ganin ainihin launin ganye. Ya fara rawaya? Ƙwari sun ɗora ƙwai? Sai abu ya yi nisa ka lura. Shi ya sa su kansu masu wiwin na can da yawa sun koma farar LED mai ƙarin ja kaɗan.

7/ Launi na da tasiri, ban musa ba. Shuɗi na sa shuka ta taƙaita ta yi kauri. Ja mai nisa (730) na sa ta miƙe ta yi tsawo, kamar tana gudun inuwa. Amma wannan gyaran fuska ne. Yawan hasken da ke sauka a kan ganye shi ne abincin.

8/ Sannan kuɗin wuta. Fitila mai wat 300, awa 16 a rana, kilowat-awa 4.8 kenan. A farashin Band A na Afrilun 2024, N225, ya kama N1,080 kullum, sama da N32,000 a wata. Saboda latas? Haba 😅

9/ Ɗan Kanada na saye ne don hunturunsu rana gajeriya ce. Mu a Kano ko Maraɗi ranar ce ke mana yawa, ragar inuwa muka fi buƙata.

10/ In dai dole sai ka saya, don renon iri a ɗaki misali, ɗauki fara. Ka tambayi mai shago wat nawa take ja a zahiri daga soket, don wadda aka rubuta 1000W a kwalinta sau da yawa ba ta kai ko 200 ba.