Fagen Wasanni: Idon Mafarauci Da Ranar Haihuwar Yaro

A ƙarshen watan Agusta, sa'ad da zafi ya fara ja da baya a ƙasar Kanada, ƙungiyoyin samari masu wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara sukan buɗe sansanoninsu na horo. Manyan ƙungiyoyin nan sun kai kimanin 60, an kasa su rukuni uku, watau na yammacin ƙasar, da na lardin Ontario, da na Quebec tare da lardunan bakin teku. Kaɗan daga cikinsu suna tsallaken iyaka, a ƙasar Amurka. 'Yan wasansu samari ne daga shekara 16 zuwa 20, kuma ba a yarda wata ƙungiya ta sa 'yan shekara 20 fiye da uku ba. Saboda haka kowace shekara sai gurabe su buɗe, yara kuwa su yi ta kwararowa daga birni da ƙauye, kowa da jakarsa da sandarsa, yawansu ya ninka guraben da ake da su.

Ga mai karatun da bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Fili ne na daskararren ruwa, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katanga ta katako da gilashi. Kowane gefe mutum shida ne har da mai tsaron gida. Suna sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, da shi suke sulu a guje, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Gudun yana da tsanani ƙwarai, har ɗan wasa ba ya iya cika minti guda a fili sai ya fito wani ya shiga. An kuma yarda a bangaje mai riƙe da faifan, a haɗa shi da katanga. Wannan ya sa ƙirar jiki take da daraja a wasan.

To, a can saman benci, inda sanyi ya fi ratsa ƙashi, nan waɗansu mutane suke zama da littafin rubutu a cinya da kofin gahawa a hannu. Ba sa tafi, ba sa ihu. Su ne mafarautan 'yan wasa. Waɗansu ƙungiyar samarin ce ta ɗauke su aiki, waɗansu kuwa wakilan manyan ƙungiyoyi ne na babbar gasar NHL, wadda ta kafa ofishinta na tantance samari tun shekara ta 1975. Aikinsu shi ne su dubi yaro ɗan shekara 16 su faɗi irin mutumin da zai zama yana ɗan 23. Ko malamin duba ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Akan raba yaran ƙungiya ƙungiya, kowace da launin rigarta, a sa su kara da juna safe da yamma. Gogaggen mafarauci bai cika damuwa da wanda ya jefa ƙwallo a raga ba, domin a sansani tsaron gida yakan yi sako-sako, yaran ba su san juna ba. Abin da yake kallo shi ne taku uku na farko sa'ad da yaro ya tashi daga tsaye. Yana kallon ko yaron yakan waiga ya ga inda abokan gaba suke kafin faifan ya iso gare shi, ko kuwa sai ya karɓa sa'an nan ya fara tunani. Yana kallon kusurwar fili, inda ake cakusawa a jikin katanga, ya ga wanda yake shiga da zuciya ɗaya da wanda yake rage gudu don wani ya riga shi. Idan an ƙwace wa yaro faifan, yakan juyo ya bi, ko yakan tsaya yana dukan ƙanƙara da sanda? Har zamansa a benci bayan koci ya yi masa faɗa, shi ma ana rubutawa.

Duk waɗannan ma'aunai ne masu kyau. Amma fa ido yana da nasa son zuciya. Kwana uku ko huɗu ne kawai a hannun mafarauci, abin da kuwa ya fi saurin shiga ido cikin kwana uku shi ne tsawo da ƙiba da ƙarfin bugu. Mai sayen doki a kasuwa yakan buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekarun dabbar. Shi mafarauci an rubuta masa shekarar haihuwa a takarda, sai ya ɗauka duk yaran da ke gabansa tsara ne. Alhali kuwa ba haka abin yake ba.

A Kanada ana raba yara ajin wasa bisa shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Watau yaron da aka haifa a makon farko na Janairu da wanda aka haifa a makon ƙarshe na Disamba aji ɗaya suke, ga shi kuwa akwai kusan shekara guda tsakaninsu. Ga babban mutum wata goma sha ɗaya ba kome ba ne. Ga ɗan shekara tara ko goma, bambanci ne na tsawo da nauyi da hankali. Sai a zaɓi babban a sa shi ƙungiyar gwanaye, ya sami koci mafi kyau, ya buga wasanni da yawa, ya kara da waɗanda suka fi shi. Kafin su kai shekara 15, abin da ya fara da ranar haihuwa ya riga ya zama ƙwarewa ta gaske, shi kuma ƙaramin wataƙila ya daɗe da ajiye sanda.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Barnsley shi ne ya fito da wannan magana fili. A farkon shekarun 1980 ya je kallon wasan ƙungiyar samari ta Lethbridge da iyalinsa, sai matarsa Paula ta lura da takardar sunayen 'yan wasa, ta ga yawancinsu haihuwar farkon shekara ne. Suka bi diddigi, suka buga sakamakon a shekara ta 1985. Abin da suka samu a manyan ƙungiyoyin samari shi ne, kusan kashi 40 cikin ɗari an haife su ne daga Janairu zuwa Maris, waɗanda aka haifa daga Oktoba zuwa Disamba kuwa ba su wuce kimanin kashi 10 ba. Shekara arba'in ke nan da sanin haka, har wa yau ranar 1 ga Janairu ita ce iyaka.

Ba ranar haihuwa kaɗai take yaudarar ido ba. A shekara ta 1977 ƙungiyar Sault Ste. Marie ta ɗauki wani siririn yaro ɗan shekara 16, shi ne na uku a zaɓen rukunin Ontario, watau ƙungiyoyi biyu sun tsallake shi. Ba shi da ƙiba, ba a kuma yaba gudunsa ba. A kakar wasan nan ya ci ƙwallo 70. Sunansa Wayne Gretzky, wanda daga baya ya tara maki 2,857 a gasar NHL, adadin da babu wanda ya kusance shi. Baiwarsa ita ce sanin inda faifan zai je tun bai je ba, abin da babu sikelin da zai auna. Shi ma dai, don a faɗi gaskiya, haihuwar Janairu ne.

Luc Robitaille kuwa an yi ta cewa ƙafarsa tana da nauyi a kan ƙanƙara. A zaɓen NHL na 1984 sai da aka kira mutum 170 kafin ƙungiyar Los Angeles ta kira shi. Abin dariya, a zagaye na huɗu na wannan zaɓe ƙungiyar ta riga ta ɗauki Tom Glavine, wanda bai buga mata wasa ko ɗaya ba, ya tafi ya yi suna a wasan besbol. Robitaille ya gama da ƙwallo 668. Martin St. Louis ma, da yake tsawonsa ƙafa biyar da inci takwas ne, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi sam, amma a 2004 ya ɗauki kofin Stanley da ƙungiyar Tampa Bay, aka kuma ba shi kyautar gwarzon gasa. A ɗaya gefen ga Alexandre Daigle, wanda kowane mafarauci ya yi rantsuwa a kansa, Ottawa ta ɗauke shi na ɗaya a 1993, bai taɓa wuce ƙwallo 26 a kaka guda ba.

Kada a ce mafarauta ba su san aikinsu ba. Connor McDavid da Connor Bedard an ba su izini na musamman su shiga cikin manyan samari tun suna 'yan shekara 15, na farko a 2012, na biyu a 2020, kuma dukansu biyu an zaɓe su na ɗaya a NHL. Sai dai irin waɗannan ko makaho ya shafa ya ji. Inda aikin yake da wuya shi ne tsakiya, wurin yara ashirin masu kama da juna da suke neman gurbi biyu.

A nan ne maganar take da nauyi, domin ba maki ake rabawa a sansani ba, ƙuruciyar mutane ce. Yaron da aka riƙe zai bar gidan ubansa yana ɗan shekara 16, ya koma wani gari mai nisan mil ɗaruruwa, ya zauna a gidan baƙi waɗanda ƙungiya ta samo masa, ya sake makaranta, ya riƙa kwana a cikin bas a tsakiyar hunturu. Wanda ba a riƙe ba, za a kira shi ofis a yi masa magana ta minti biyar, ya fito ya tarar da mahaifinsa a mota. Daga cikin waɗanda aka riƙe ɗin ma, kaɗan ne za su ji sunansu a zaɓen NHL, inda ƙungiyoyi 32 suke ɗaukar mutum 224 kacal a shekara daga duniya baki ɗaya, har da Amurka da Rasha da ƙasashen Turai.

A da akwai wata doka da ta ƙara wa sansanin zafi. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka tana ɗaukar waɗannan ƙungiyoyin samari a matsayin na masu wasa don kuɗi. Yaron da ya wuce awa 48 a sansani bisa kuɗin ƙungiya, ko ya buga mata wasa ko da na gwaji ne, yana iya rasa damar buga wa jami'a wasa da samun karatu kyauta. Shi ya sa akan ga iyaye suna duban agogo, su janye ɗansu a rana ta biyu, tun mafarauci bai gama cika shafi ba. A watan Nuwamba na 2024 hukumar ta soke wannan sharaɗi, sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2025.

Cikin waɗanda suka fara cin moriyar canjin akwai Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse da ke can arewa mai nisa, wanda ƙungiyar Medicine Hat ta zaɓa na ɗaya a rukunin yamma a 2022. A 2025 ya bar ta ya koma jami'ar Penn State ta Amurka. An haife shi ranar 20 ga Disamba, 2007, saura kwana goma sha biyu ya faɗa ajin ƙannensa.