A Duba Lafiyar Matan Gidan Yari Tun Daga Ƙofa

Matsayin wannan jarida shi ne, macen da ta yi wa kanta rauni ko ta nemi halaka kanta a gidan yari mara lafiya ce mai buƙatar magani, kuma amanar ranta na wuyan hukumar da ta tsare ta. Da yawa daga cikin matan nan da ciwonsu suka shigo: dukan miji, fyaɗe, talauci, ga kuma raɗaɗin raba uwa da ɗanta, wanda shi ya fi cin rai. Kwanakin farko na tsarewa da zaman jiran shari'ar da ba a san ranar ƙarewarsa ba sun fi kowane lokaci haɗari, alhali mafi yawan fursunonin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Wasu na cewa neman tausayi ne kawai. Ko da haka ne, wadda ta rasa hanyar kuka sai da jininta ai ta kai maƙura. Sai da mata shida suka mutu a kurkukun Styal kafin Ingila ta farka da rahoton Corston na 2007 kan matan gidan yari.

Ƙa'idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2010, sun wajabta tantance wannan haɗari tun ranar shiga. Ya kamata hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta aiwatar da haka, ta horar da gandirobobi mata, ta sauƙaƙa ziyarar 'ya'ya. Alƙalai su yi amfani da hukuncin da ba na ɗauri ba da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanada, 'yan majalisa kuma su soke sashe na 231 na dokar final-kot da ke hukunta yunƙurin kashe kai, kamar yadda Ghana ta soke nata a 2023.